Birkin Faifai a Bayan Tsohuwar Hilux: Abin da Bidiyon TikTok Ba Ya Nuna wa Direbobin Wurno da Goronyo

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon gyaran mota a TikTok ko YouTube, ba da jimawa ba manhajar za ta kawo masa irin wannan bidiyon. An ɗaga tsohuwar akori-kura, an kwance tayar baya, an fitar da dirom mai tsatsa an jefar gefe. Kafin minti ɗaya ya cika sai ga faifan birki sabo ful yana ƙyalli, da jan kalifa a kansa. A ƙasa kuma ga adireshin inda za a sayi kayan, da alƙawarin cewa motar za ta riƙa tsayawa kamar sabuwa.

A gabashin Sakkwato, masu kallon irin wannan bidiyo ba duka 'yan sha'awa ba ne. A cikinsu akwai yaran mota, da masu koyon kanikanci, da matasan da iyayensu suka damƙa wa makullin motar da ke ciyar da gida. Su ne ke kai wayar gareji su nuna wa bakanike, su tambaya ko za a iya yi wa tasu haka.

Ana iya yi, kuma akwai inda yake da amfani sosai. Sai dai birki tsari ne guda wanda kamfani ya auna gabansa da bayansa tare. Wanda ya canza na baya kaɗai bai sake wannan awo ba, zai iya kashe kuɗi ya fito da motar da ta fi ta dā haɗari.

Aikin da motocin ke yi

Wurno, Rabah da Goronyo ƙasar noman fadama ce. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984 a kan kogin Rima, tana iya riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900, kuma ruwanta ne ke raya gonakin rani a kwarin Rima har zuwa wajajen Wurno. Rabah, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, tana bakin kogin Sakkwato. Albasa, tafarnuwa, shinkafa, tumatir da tattasai da ke fitowa daga waɗannan fadamu, ƙananan motocin ɗaukar kaya ne ke kai su kasuwanni irin su Achida da Goronyo, ko cikin Sakkwato inda manyan motoci ke lodin Kudu. Da yawansu Hilux ne na shekarun 1980 da 1990, da ragowar Peugeot 504 akori-kura irin waɗanda aka haɗa a Kaduna, sai kuma Kanta.

A tafiya ɗaya motar kan taka ƙasa iri uku: laka ko rairayi a bakin gona, burji a tsakanin ƙauyuka, sannan kwalta mai ramuka. Buhuna sun haura kan direba, masu kayan suna zaune a samansu. Matsalar tsaro da ta addabi yankin ta kuma sa kowa na son ya shiga gari kafin magariba, don haka ƙafa ba ta cika sauka daga totur ba.

Ga abin da wannan ke nufi a lissafi. Motar da nauyinta da kayanta ya kai tan 3, tana gudun kilomita 80 a awa, ƙarfin da ke tafe da ita ya kai kusan kilojul 740. Birki ba ya ɓatar da wannan ƙarfi, mayar da shi zafi yake yi, zafin da ya isa ya tafasa ruwa fiye da lita 2 cikin 'yan daƙiƙu. Idan aka ninka nauyi, zafin ya ninku sau biyu. Idan aka ninka gudu, ya ninku sau huɗu. Duk wannan kuwa a garin da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40.

Yadda kowanne ke aiki

Birkin ganga, wanda kanikawa ke kira dirom, kwano ne na ƙarfe da ke juyawa tare da taya. A cikinsa akwai ƙarafa biyu masu lanƙwasa da ake kira shu, an manna musu lainin. Idan direba ya taka birki, masta ta tura mai ta cikin bututu zuwa wata ƙaramar silinda, ita kuma ta buɗa shu ɗin su goga cikin kwanon. Yana da wata baiwa: juyawar dirom ɗin kanta tana jan shu tana ƙara cusa shi, saboda haka ɗan matsin mai kaɗan yana ba da kamu mai ƙarfi. Rauninsa shi ne a rufe yake. Zafi ba ya saurin fita, kuma idan kwanon ya yi zafi buɗewa yake yi ya nisanci shu, sai direba ya ji ƙafarsa na nutsewa. Ruwa da laka ma idan suka shiga sai su zauna.

Birkin faifai, wato dis, a buɗe yake. Faifan ƙarfe na juyawa da taya, kalifa kuma ta matse shi daga gefe biyu da fad, kamar yadda yatsu ke kama bakin faranti. Iska na sanyaya shi, ruwa na watsewa da kansa, kuma idan ya yi zafi kumbura yake yi zuwa wajen fad. Amma ba shi da waccan baiwa ta taimakon kai. Yana buƙatar matsi mafi yawa, kuma fistin ɗin kalifa ya fi na silindar dirom shan mai.

Su biyun sa'o'in juna ne. A 1902 Louis Renault ya fito da birkin ganga irin na zamani a Faransa, a shekarar ce kuma Frederick Lanchester ya yi rajistar birkin faifai a Ingila. Faifai bai samu karɓuwa ba sai bayan da motar Jaguar ta ci tseren Le Mans da shi a 1953, sannan Citroën DS ta shigo da shi motocin kasuwa a 1955.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, da an taka birki nauyin mota gaba yake tafiya. Shi ya sa tayoyin gaba ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin tsayawa, wani lokaci fiye. Galibin Hilux ɗin da ake magana a kansu kuwa sun zo da faifai a gaba tun daga kamfani. Wanda zai canza na baya, ƙaramin kaso na aikin yake taɓawa.

Abubuwa biyar da ake yankewa daga bidiyo

Mai gyaran waya ya san sikirin ɗin wata waya zai iya shiga jikin wata, har ya kawo haske, amma a taɓa ya ƙi amsawa. Haka birki yake. Shigar faifai cikin wili ba ta nufin ya dace da sauran motar.

Na farko, masta. An yi ta ne da awon man da silindar dirom ke sha. Idan aka sa kalifa mai babban fistin a baya, abin takawa kan yi nisa kafin ya kama. Idan aka sa masta mai faɗin baki don magance wannan, sai ya yi tauri ya buƙaci ƙarfin ƙafa. Dole a zaɓi wadda ta dace da kalifofi huɗun gaba ɗaya.

Na biyu, wani ƙaramin bawul da ke cikin mastar tsofaffin motoci da yawa, a layin da ke zuwa baya. Aikinsa shi ne ya bar ɗan matsi a bututu ko an saki birki, domin dirom na son haka. Faifai ba ya so. Idan aka bar bawul ɗin, fad za su riƙa gogar faifai koyaushe, wili ya yi zafi, fad su cinye da wuri, mota ta ƙara shan mai.

Na uku, kuma mafi girma, rabon ƙarfi tsakanin gaba da baya. Kamfanoni na tsara birki yadda tayoyin gaba za su riga na baya kullewa. Dalili shi ne, tayar da ta daina juyawa ba ta iya riƙe mota daga zamewa gefe. Idan na gaba suka kulle, motar za ta zarce kai tsaye. Idan na baya suka riga kullewa, bayan zai zagayo gaba, motar ta juya a tsakiyar hanya, kuma mai dogon lodi kan kife. Waɗannan tsofaffin motoci galibi ba su da na'urar ABS da za ta ceci direba. Masu haɗa kaya da kansu sukan ɗauko kalifar gaban wata mota su ɗora a baya, wadda ƙarfinta ya zarce abin da tayar baya ke iya ɗauka. Da lodi ba za a gane ba. Sai an sauke albasa a kasuwa, motar ta dawo fayau a kan burji, akuya ta gitta, sannan aibin ya fito.

Toyota ta yi wa Hilux maganin wannan da wani bawul mai auna lodi, wanda ke maƙale a jikin shasi kusa da aksil ɗin baya, da ɗan sanda ko sifirin da ya haɗa su. Idan kaya suka danna motar ƙasa, sai ya ƙara wa baya matsi. Idan aka sauke, ya rage. A tsofaffin motoci sau da yawa za a tarar sandan ya karye, ko an ɗaure shi da waya, ko bawul ɗin ya daskare. Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba: ƙarin sifirin da ake yi wa motocin albasa don su ɗauki kaya da yawa yana hana bayan motar sauka, sai bawul ɗin ya ɗauka babu lodi, ya hana tayoyin baya ƙarfin da suke buƙata. Mai motar ya yi ta zargin dirom, alhali laifin na can wajen bawul.

Na huɗu, birkin hannu. A tsarin dirom, wayar birkin hannu shu ɗin take ja kai tsaye, kuma kamunta na da ƙarfi. Kalifar gaba ba ta da inda za a maƙala wannan waya. Ko dai a sayi kalifa ta musamman mai hannun ja, ko faifai mai ƙaramin dirom a cikinsa. Kayan da suka fi araha a intanet galibi su ne waɗanda ba su da ko ɗaya. Motar da ke tsayawa da lodi a gangaren da ke sauka fadama, yara na wasa a ƙasa, bai kamata a bar rayuwarsu a hannun dutsen da yaron mota zai sa a ƙarƙashin taya ba. Birkin hannu kuma madogara ne idan birkin ƙafa ya ƙi kamawa ana cikin tafiya.

Na biyar, ƙarfen da ke riƙe kalifa da kuma wili. Duk ƙarfin tsayar da tayar a kan wannan ƙarfe yake sauka. Wanda aka yanko daga guntun faranti aka ɗinke da walda a bakin titi zai iya tsagewa, ko ya karkace ya cinye fad gefe ɗaya. A Hilux, cire farantin bayan dirom na nufin zaro sandar aksil da fitar da boris da injin matsa, a sake sa sabon sil. Sannan ba kowane wili ne kalifa ke shiga cikinsa ba, musamman ƙananan na ƙarfe. Ramukan ƙusa ma sun bambanta: mai jan taya huɗu shida ne, masu jan baya kaɗai da yawa biyar ne.

Me ya sa kamfanoni ba su yar da dirom ba?

Peugeot 504 da ta fito a 1968 ta zo da faifai a tayoyi huɗu, amma da kamfanin ya tashi yin akori-kurarta, dirom ya sa a baya. Toyota ma, Hilux ɗin da ta fitar a 2015 galibinsu dirom ne a baya. Abin da zai fi ba matasa mamaki shi ne motocin lantarki na Volkswagen, ID.3 da ID.4, da dirom suka zo a baya, domin injin lantarkin ne ke yin yawancin rage gudu, faifan da ba ya aiki sosai kuwa tsatsa yake yi.

Araha na cikin dalilan, amma ba ita kaɗai ba ce. Lainin dirom na daɗewa. Rufin da ke tare zafi shi ne kuma ke tare ƙura da tsakuwa. A kan burji, duk abin da tayoyin gaba suka watso kan na baya yake sauka, kuma faifan da ke buɗe a nan yana cin fad da sauri, musamman lokacin hunturu. Sannan shu da silindar Hilux ana samunsu a Sakkwato, in an rasa a aiko daga Ƙofar Ruwa a Kano. Fad ɗin kalifar da aka yi oda daga waje, idan ya ƙare a tsakiyar kakar albasa, motar ajiyewa za a yi ana jiran saƙo, kayan gona kuwa ba sa jira.

Inda faifai ya yi zarra

Motar da ke shiga fadama da damina, ko take ratsa ruwa kullum, ita ce ta fi cin moriyar canjin. Laka idan ta shiga dirom sai ta bushe a ciki, ta ci lainin kamar sanfefa, ta daskarar da abin da ke daidaita shu, kuma ba ta fita sai an kwance. Bayan an fito daga ruwa, dirom kan ɗauki lokaci kafin ya dawo da kamu, wani lokaci gefe ɗaya ya riga ɗaya, motar ta fizga. Faifai kuwa taku ɗaya ko biyu ya bushe, bokitin ruwa ya wanke shi. Ana iya duba saura nawa fad ya rage da tocilar waya, kuma ba ya buƙatar a riƙa ɗaure shi kamar dirom.

Babbar fa'idarsa ta jure zafi a doguwar gangara take bayyana, irin Hawan Kibo da ke hanyar Jos. Gabashin Sakkwato kuwa shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce. Motar da aikinta bai wuce gona zuwa kasuwa ba, ba za ta cika haɗuwa da wannan ba.

Abin da faifai ba zai iya ba shi ne ya ƙara wa taya kamun ƙasa. Idan dirom na iya kulle taya, to birki ya kai iyakarsa, saura na taya ne da hanya. A gudun kilomita 60, mota mai tayoyi masu kyau na buƙatar kusan mita 20 ta tsaya a busasshiyar kwalta. A kan rairayi ko tsakuwa nisan na iya ninkawa. A ƙara da kusan mita 17 da take ci a daƙiƙa ɗayan da direba ke ɗauka kafin ƙafarsa ta kai birki. Babu kalifar da ke rage waɗannan idan tayar ta suɗe.

Gwaji da waya kafin a kashe kuɗi

'Yar na'urar OBD da ake haɗawa da waya ta bulutut ba za ta taimaka a nan ba, domin yawancin waɗannan motoci ba su da kwamfutar da za ta yi magana da ita. Amma wayar na da wasu ayyuka.

A samu fili ko hanyar da babu mutane da dabbobi. A ja layi a ƙasa. Direba ya taho da gudun kilomita 40, wanda ke gefensa ya tabbatar da gudun da manhajar GPS, tunda agogon gudun tsohuwar mota ba abin dogaro ba ne. A taka birki da ƙarfi a kan layin, a auna nisan tsayawa da tef. Kada a dogara da GPS wajen auna nisan, domin na yawancin wayoyi sau ɗaya yake sabunta wuri a daƙiƙa, mota kuma na cin mita 11 a wannan lokacin. A yi sau uku babu kaya, sau uku da buhuna, ba tare da kowa a baya ba.

Wani ya tsaya nesa a gefe ya ɗauki bidiyo da tsarin da ke rage saurin hoto. Idan aka shafa alli ko farin fenti a gefen tayoyin, bidiyon zai nuna ƙarara wacce ta fara daina juyawa. Wannan hoto ya fi duk wata gardama ta gareji.

Akwai ƙananan na'urori biyu masu sauƙin kuɗi. Ɗaya ita ce bindigar auna zafi. Bayan tafiya a auna wili na dama da na hagu: idan ɗaya ya fi ɗaya zafi sosai, ko dai yana gogawa ko ɗayan ba ya aiki. Ɗayar ita ce alƙalamin gwada man birki, mai nuna yawan ruwan da man ya sha. Sabon mai na DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai digiri 205, amma wanda ya sha danshi a 140 zai iya tafasa. Na DOT 4 kuwa 230 ne da 155. Man da ya tafasa tururi yake zama, sai abin takawa ya tafi ƙasa babu kamu. Shi ya sa ake son a canza shi duk shekara biyu, kuma shi ya sa zuba ruwan sabulu a madadinsa wasa da rai ne.

Wa ya kamata ya canza?

Kafin a yi maganar faifai, a mayar da motar yadda kamfani ya yi ta. A sa shu mai kyau, a canza silindar da ke yoyo, a buɗe duk bututun da aka taɓa toshewa don ɓoye yoyo, a canza robobin bututu da suka tsattsage, a gyara bawul mai auna lodi, a zuba sabon mai a fitar da iska. Wajen share ƙurar cikin dirom a yi amfani da jiƙaƙƙen tsumma, kada a hura, domin tsofaffin lainin na iya ƙunsar asbesto mai lalata huhu. Sai a sake gwajin. Motoci da yawa a nan matsalarsu ke ƙarewa, da kuɗin da bai kai na canji ba, ragowar kuma ya tafi sayen taya.

Masu Kanta su lura cewa tasu daban ce. Nauyinta da girman birkinta sun wuce kayan da ake tallatawa don Hilux, kuma a tsofaffi da yawa birkin hannun a bayan giya yake. Manyan motoci masu birkin iska ma ba sa cikin wannan magana.

Wanda motarsa ke kwana a laka, kuma ya ga canjin ya zama dole, ya ɗauki hoton farantin lambar motar ya aika wa mai sayarwa, domin lamba irin LN106 ko RN105 ce ke nuna irin aksil, ba shekara kaɗai ba. Ya tambayi abu huɗu a rubuce: akwai birkin hannu, wace masta ce ta dace, wane girman wili ake buƙata, kuma fad ɗin na wace mota ne da ake samu a Najeriya. Mai sayarwar da ya kasa amsa ko ɗaya, a bar masa kayansa. Ya kuma sa bawul mai daidaita matsin baya, ya nemi bakaniken da ya san aikin, kada a yi gyaran gangar Auzinawa.

Bayan an gama, a koma filin gwaji da allin nan da wayar nan, motar babu kaya, a kan burji. Idan bidiyo ya nuna tayoyin baya sun riga na gaba kullewa, aikin bai ƙare ba, kuma kada buhu ko mutum ya hau motar sai an gyara.